Muryar Da Kake Ji A Waya Ba Ita Aka Aiko Ba

Wasiƙu huɗu na zaɓo a wannan fitowa. Masu su ba su san juna ba, kowa da abin da ya dame shi, amma amsoshin duk gindinsu ɗaya, shi ya sa na jera su wuri guda. Ta farko za ta ɗan ja mu, a yi haƙuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Sana'ata tura waƙoƙi da karatu a waya, a kasuwar Farm Centre da ke Kano. Waƙar minti biyar takan cinye kusan megabayit biyar a memori, amma jawabin minti biyar da aka yi ta saƙon murya na WhatsApp ko megabayit ɗaya bai kai ba, kuma ana jin maganar tar. Ina sauran yake tafiya?

AMSA: Wa alaikumus salam. Sauran bai ɓata ba, ɗan'uwa, tun asali ba a aiko shi ba. Wayar da ta karɓi saƙon ita ke cike gurbin da kintace, kuma kintacen nata yakan zo kusa da daidai har kunnenka bai ankara ba.

Sauti motsin iska ne. Makirufo yana mayar da shi wutar lantarki mai hawa da sauka, na'ura kuma ta riƙa auna ƙarfin wutar a kai a kai tana rubutawa da lamba. A layin tarho na dijital ana yin awon sau 8,000 a sakan guda, kowane awo yana cin bit 8. Bit shi ne ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta, ko dai 0 ko 1. Bit 64,000 ke nan a kowane sakan. Faifan CD ya fi haka haɗama: awo 44,100 a sakan, kowane bit 16, ga kunnen dama ga na hagu, minti ɗaya kacal ya haura megabayit 10.

Yanzu a ce kai dillali ne a Dawanau, kana da abokin ciniki a Maraɗi da kake sanar da shi farashin gero kullum safiya. Ba ka tsayawa karanto masa cikakken farashi. “Ya ƙara ɗari biyu.” “Yana nan yadda yake.” “Ya sauka ɗari biyar.” Shi ke nan, domin yana riƙe da na jiya a kansa. Haka awon sauti yake, na yanzu ba ya nisa da wanda ya gabace shi. Ga awo shida a jere: 100, 104, 108, 111, 114, 116. Kowace lamba a nan tana buƙatar bit 8. Tazarar da ke tsakaninsu kuwa 4, 4, 3, 3, 2 ce, wadda bit 3 ko 4 ya ishe ta. Mu ƙara wayo: maimakon mu ɗauka awo mai zuwa zai yi daidai da na baya, mu ɗauka zai ci gaba da hawa yadda yake hawa. Daga 100 zuwa 104 an ƙara 4, to mun kintaci 108. Aka auna, 108, babu kuskure. Na gaba mun kintaci 112, aka samu 111. Sai 114, aka samu 114. Sai 117, aka samu 116. Abin da ya rage a aika shi ne 0, -1, 0, -1. Mai karɓa yana bin ƙa'idar kintacen nan sak, sai ya ɗora gyaran da aka aiko masa, lambobin asali su dawo. Wani injiniyan ɗakin binciken kamfanin Bell a Amurka, C. Chapin Cutler, shi ya nemi rajistar wannan dabara a 1950, aka ba shi a 1952.

Akwai tarko a ciki, kuma shi ne wurin da ɗalibaina suka fi tuntuɓe. In dillalin ya ce “ya ƙara ɗari biyu” alhali ɗari biyu da talatin ne, to gobe dole ya yi lissafi daga farashin da ke kan abokinsa, ba daga na gaskiya ba. In ba haka ba, talatin-talatin ɗin nan za su yi ta taruwa, kafin wata ya ƙare mutumin Maraɗi ya yi nisa da kasuwa. Saboda haka duk na'ura mai aikawa tana ɗauke da kwafin mai karɓa a cikinta, tana duba abin da wancan ɓangaren zai gina, daga nan take kintacenta.

Magana ta fi yawancin sautuka sauƙin kintace, don an san injin da ke yin ta. Wanda ya zauna ajin furuci a darasin Hausa ya san tantanin maƙwallato da ke karkarwa ya ba da ziza, da harshe da ganɗa da hanƙa da leɓɓa da ke sarrafa zizar ta fito “a” ko “i” ko “u”. Masu motsi a cikin gaɓoɓin nan tsoka ce, ba sa iya sauya wuri sau dubbai a sakan. A cikin kashi ɗaya bisa hamsin na sakan, baki kusan a tsaye yake cak. Sai aka ce to a yanka magana gunduwa-gunduwa, kowace milisakan 20. A kowace gunduwa na'ura ta nemo lambobi takwas ko goma, waɗanda in aka ninka su da awo takwas ko goma da suka wuce aka tara, za su ba da kintace mafi kusa na awo mai zuwa. Abin da ke burge ni har yau shi ne, lambobin nan ba komai ba ne illa siffar bakin mai magana a wannan ɗan lokacin, an rubuta ta da lissafi. Ana taƙaita sunan dabarar da LPC. Fumitada Itakura da Shuzo Saito sun fito da ita a Japan a 1966, Bishnu Atal da Manfred Schroeder kuma suka biyo ta tasu hanyar a ɗakin binciken Bell a 1967.

Lokacin da GSM ta shigo Najeriya a 2001, da wannan dabara ta zo. A tsarin matse murya na farko na GSM, gunduwar milisakan 20 tana da awo 160, wanda a layin tarho zai ci bit 1,280. GSM ta mayar da shi 260. Bit 36 na bayyana siffar baki, 36 na bin sawun maimaicin ziza, wato kauri ko sirantar murya, sauran 188 kuma ragowar kuskuren da kintace bai kamo ba. Gunduwa 50 a sakan, bit 13,000 ke nan, kusan kashi ɗaya bisa biyar na asali.

Ka ga ragowar kuskuren ita ce mai cin wuri. A 1985 Schroeder da Atal suka kawo shawarar a ajiye kundi iri ɗaya na samfuran kuskure a ɓangarorin biyu, mai aikawa ya gwada su ya ga wanne ya fi kama da muryar, ya aika lambar samfurin kawai. A lokacin, babbar kwamfutar Cray-1 sai ta kwashe fiye da minti biyu tana lissafin sakan ɗaya na magana. Yau 'yar ƙaramar waya mai tocila tana yin jikan wannan lissafi nan take, kana magana tana yi. Wani reshe nasa da aka gyara a Jami'ar Sherbrooke ta Kanada shi ne ƙashin bayan AMR, tsarin matse murya na kiran wayar salula, mai iya sauka daga bit 12,200 a sakan zuwa 4,750 in sabis ya yi rauni. Muryar nan mai kama da ta ƙarfe da kake ji in ka shiga lungun da ba sabis sosai, sau da yawa saukar nan ce.

Saƙon murya na WhatsApp yana amfani da tsarin matse sauti mai suna Opus, wanda aka tabbatar a 2012. Buɗe ma'ajiyar fayiloli a wayar Android ka duba, za ka ga sunayensu suna ƙarewa da .opus. Ɓangarensa mai kula da magana daga Skype aka gado shi, kuma LPC ne a ƙasansa. In aka matse magana a bit 16,000 a sakan, minti biyar kilobayit 600 ne. Waƙoƙinka kuwa yawanci MP3 ne a bit 128,000, minti biyar megabayit 4.8. MP3 ba ta dogara da siffar baki ba, tunda ganga da garaya da fiyano ba su da baki ɗaya. Tata hanyar daban ce: tana zubar da sautukan da ƙarar wasu ta danne har kunne ba zai ji su ba.

TAMBAYA: Barka da aiki Malam. Daga Damagaram nake rubutowa. An yi bikin ƙanena ban samu zuwa ba, sai yayata ta kira ni ta ɗaga wayar don in ji kiɗa da guɗa. Wallahi kamar a ƙarƙashin ruwa ake kiɗan, yana zuwa yana yankewa, amma da ta mayar da wayar bakinta sai na ji ta sarai. Maigidana ya ce wai waya tana hasashen abin da mutum zai faɗa ne. Haka ne? Abin ya ɗan tsorata ni.

AMSA: Barka kadai Hajiya, Allah ya ba su zaman lafiya. Wayar ba ta lalace ba. Tsarin da ke ɗaukar kiranku an gina shi bisa zaton mutum ɗaya ne ke magana, da maƙogwaro ɗaya. Yana neman ziza guda ya bi sawunta. A filin biki kuwa ga kalangu yana sauya murya a kowane matsi, ga maroƙi, ga masu guɗa uku kowace da nata amon, ga janareta a gefe. Na'urar za ta yi ƙoƙarin tusa duk wannan cikin siffar baki ɗaya, kintacen ya watse, kuskuren ya yi yawa, kuma 'yan bit ɗin da aka ware masa ba za su ɗauke shi ba. Abin da ya iso kunnenki shi ne yadda maƙogwaron lissafi zai kwaikwayi kalangu.

Yankewar kuma wani dalili ne ya ƙaru a kai. Waya tana da mai tace hayaniya, da kuma mai gadin da ke tantance ko magana ake ko shiru. In ya yanke hukunci ba magana ba ce, sai a daina aikawa don a tanadi batir da sarari a turken sabis, wayarki kuma ta saka miki wani ɗan shuuu na ƙarya don kada ki zaci layin ya katse. Kiɗa yakan rikita mai gadin nan. Wani bikin, ki ce a ɗauki bidiyo a turo miki, ya fi kira nesa ba kusa ba.

Maganar maigida kuwa, da gaskiyarsa rabi. Kintace ake yi, amma ba na kalma ba. Tsarin GSM bai san Hausa ba, bai san Faransanci ba, bai san ko addu'a kike ko ciniki ba. Lamba mai zuwa yake kintata daga lambobin da suka wuce, a tazarar da ba ta kai ƙiftawar ido ba. Ta wannan fuskar ki kwantar da hankalinki.

Mu masu harshen da ke da karin sauti ma mun ci riba ba tare da an yi don mu ba. Hawa da saukar murya da ke bambanta ma'ana a Hausa shi ne saurin karkarwar tantanin maƙwallato, kuma shi ne abin da tsarin ke ware wa bit na musamman yana bibiya. Inda aka cuce mu, tare da kowa, shi ne saman sauti. Layin waya na gargajiya yana ɗaukar abin da ke tsakanin karkarwa 300 zuwa 3,400 a sakan, alhali kaifin “s” yawancinsa sama da nan yake. Dalilin da ya sa karanta wa mutum baƙon suna a waya ke wahala ke nan. Sababbin tsare-tsare sun faɗaɗa zuwa 7,000, shi ya sa wani kiran za ki ji kamar mutum na gefenki.

Sai dai zamani na sauyawa. A 2021 Google ta fito da tsarin matse murya mai suna Lyra, mai aiki da bit 3,000 kacal a sakan, wanda aka horar da shi da ɗimbin muryoyin mutane har ya koyi ƙera murya daga ɗan bayani kaɗan. Irin wannan ni ina sa masa ido, domin abin da ya saba ji a horo shi zai fi iya ƙerawa, kuma ɓ da ɗ da ƙ ba kowane harshe ke da su ba.

TAMBAYA: Injiniya, gidan kallon ƙwallo nake da shi a Gombe. Da hadari ya taso sai hoto ya farfashe ya zama 'yan murabba'ai, 'yan wasa su riƙa jan launi a bayansu, can kuma sai ya washe gaba ɗaya lokaci guda. Yara suna cewa dikodata ce ta tsufa. In sayi sabuwa?

AMSA: Kada ka saya tukuna, Alhaji. Ruwan sama yana shanye siginar da ke saukowa daga tauraron ɗan'adam, wannan ba laifin dikoda ba ne. Yadda hoton ke lalacewa kuwa, kintacen nan ne dai.

Hoto ɗaya mai faɗin ɗigo 1,920 da tsawon 1,080 yana da ɗigo sama da miliyan biyu, wajen megabayit 6 in ba a matse ba. Ana nuna 25 a sakan. Megabayit 150 da ɗoriya a kowane sakan, ba tashar da za ta iya. Amma hoton yanzu da wanda ya gabace shi kusan abu ɗaya ne: ciyawa tana nan, allunan talla suna nan, ɗan wasa ne ya matsa kaɗan. Sai a rarraba hoton murabba'i-murabba'i, a al'adance ɗigo 16 sau 16, tun daga tsarin matse bidiyo na H.261 na ƙarshen shekarun 1980. Ga kowane murabba'i, na'ura ta duba hoton baya ta ce, “wannan ai shi ne wancan, ya matsa ɗigo biyar dama, biyu ƙasa,” ta aika wannan umarni da ɗan gyaran da ya rage. Tsarin H.264 na 2003 ya ƙara da kintatar murabba'i daga maƙwabtansa na sama da na hagu a cikin hoto guda.

To ka tuna mutumin Maraɗi. In kiran Talata bai same shi ba, duk “ya ƙara” da “ya sauka” na Laraba da Alhamis a kan farashin da ba daidai ba zai ɗora su, har ranar da aka faɗa masa cikakken farashi. Haka dikodarka. Ruwa ya cinye wani yanki, ita kuma ta ci gaba da bin umarnin “matsar da shi dama” a kan murabba'in da ya riga ya lalace, shi ne jan launin da kake gani. Tashoshi suna aiko cikakken hoto wanda bai jingina da kowa ba a kai a kai, kamar kowane rabin sakan zuwa sakan biyu. Da ya iso lafiya, komai ya washe. Jiran irin wannan hoton yana cikin abin da ke sa allo ya ɗan yi duhu in ka sauya tasha.

Ga gwajin da za ka yi ba tare da hadari ba. Ranar da aka ba da kofi, aka watsa 'yan takardun nan masu ƙyalli suka cika sama, dubi fuskokin 'yan wasa. Za ka ga sun dushe. Dubban takardu kowace na juyawa yadda ta ga dama, ba wanda za a kintata daga hoton baya, sai su cinye bit ɗin duka. Abin da zai taimake ka da damina shi ne a daidaita saitin tasa, a duba wayar da ta sauko daga kanta ko ruwa na shiga mahaɗinta, in da hali a sa tasa mai faɗi.

TAMBAYA: Malam, mahaifinmu ya rasu ya bar kaset-kaset na karatun da ya yi a zaure shekaru da dama. Muna so mu mayar da su waya kafin su lalace. Wani ya ce mu kunna rediyo mu ɗauka da saƙon murya. Ɗalibi ne ni a Sakkwato.

AMSA: Allah ya jiƙan Malam, ya sa karatun ya zama sadaka mai gudana. Ƙanena, kada ku bi wannan shawara. Saƙon murya yana zubar da ragowar kuskuren da ya ga ba dole ba, abin da ya zubar kuma ya tafi har abada. Ga amon ɗaki da kukan kaset za su shiga su ƙara rikita shi.

Ku nemi rediyo mai kaset da ke da ramin abin sauraro na kunne, ku haɗa shi da kwamfuta da kebul, ku ɗauka da manhaja irin Audacity, wadda kyauta ce. Ku adana a tsarin FLAC. Shi ma kintace yake yi irin na lambobin da na jera a amsar farko, tun fitowarsa a 2001, amma yana ajiye kuskuren duka, ko ɗigo ba ya yarwa, don haka abin da ya shiga shi ke fitowa. Hotunan PNG ma haka suke, suna kintatar kowane ɗigo daga na hagunsa da na samansa, kuma ba sa yar da komai, shi ya sa rubutu ke fita garau a cikinsu. In za ku ɗauki hoton rubutun da ke bayan kwalin kaset da na'urar sikana, a PNG za ku ajiye.

Awa ɗaya a awo 44,100, layi ɗaya tunda murya ce, wajen megabayit 318 ne kafin matsi. FLAC yakan rage shi zuwa rabi ko sama da haka kaɗan. Kada ku yi mamaki in tsohon kaset bai matsu sosai ba, shuuu ɗin da ke ƙarƙashin muryar ba shi da tsarin da za a kintata. Kada kuma ku goge shi a kwafin asali, ku bar shi yadda yake. Daga wannan kwafin sai ku fitar da ƙananan MP3 ko Opus na rabawa 'yan'uwa da almajiransa. Na asalin ku ajiye shi wuri biyu, ɗaya a wani gida daban, kuma ku fara da kaset ɗin da suka fi tsufa. Kafin ku kunna kowanne, ku zura biro a ramin ku juya zaren a hankali ku tabbatar bai manne ba.